Idan za ka ɗauki ma'aikaci, ka faɗi aikin ka faɗi kuɗin

1/ Masu sababbin kamfanoni, ku matso mu yi magana. Kullum ana kukan "mun saka tallar aiki, CV ta cika mana akwati, amma babu na ɗauka." Ni nake rubuta tallar aiki a ƙaramin kamfaninmu na kai kaya a Kano, ni nake karanta abin da aka turo. Wallahi sau da yawa matsalar daga tallar take farawa.

2/ MTN ko Dangote idan suka rubuta layi biyu, dubban mutane za su nema, don sunansu ya riga ya yi musu magana. Kai kuwa kamfaninka bai rufa shekara 2 ba, ba wanda ya san ka. Wanda ya iya aiki yana karanta tallarka yana tambayar kansa: mutanen nan za su biya ni ƙarshen wata? Tallar ce kaɗai shaidarka a wajensa.

3/ Kuma mutane suna da dalilin tsoro. A Maris 2014 matasa suka biya naira 1,000 kowa don neman aikin hukumar shige da fice, aka tara su a filayen wasa, turmutsitsi ya ci rayuka. Ga 'yan damfara masu tallar aikin bogi da "kuɗin fom". To ka sa cikakken sunan kamfani kamar yadda yake a CAC, da unguwar da ofis yake, ka rubuta ɓaro-ɓaro: ba ma karɓar ko sisi.

4/ Sunan aikin ya zama wanda kowa zai gane. Na ga masu kwafo tallar kamfanonin Amurka suna neman "ninja". Malam, ninja a Zoo Road? Ka ce mai karɓar oda, mai lissafi, mai rubuta manhaja. Da sunan mutum yake gane aikin nasa ne ko ba nasa ba.

5/ Talla ɗaya, aiki ɗaya. Wani zai ce yana son mai zane, wanda kuma zai riƙe Instagram, ya haɗa bidiyo, ya yi lissafi, ya iya tuƙa babur. Ba a taunar taura biyu, balle biyar. Gaskiya a sabon kamfani kowa yana taɓa komai, amma ka faɗi wanne ne ainihin aikin, wanne ne na taimako.

6/ Dabarar da ta fi yi min amfani: na rubuta yadda ranar mutum za ta kasance. Misali: "Za ka riƙa karɓar odar 'yan Kantin Kwari ta WhatsApp, ka shigar a Excel, ka raba wa direbobi kafin 11 na safe, ka kira wanda kayansa suka makara ka ba shi haƙuri." Wanda ba ya son waya da mutane, da kansa zai janye. Ka huta, ya huta.

7/ Yanzu maganar da kowa yake gudu: albashi. "Albashi mai tsoka" ba adadi ba ne. "Za a tattauna" cinikin biri a sama ne. Mutum zai kashe kuɗin adaidaita zuwa intabiyu sau biyu, sai a na uku ya ji abin da ko kuɗin motarsa na wata ba zai rufe ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayu 2023, wannan zirga-zirgar ba wasa ba ce.

8/ Ka san kasuwar da kake ciki. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yuli 2024. Alawus ɗin masu bautar ƙasa ya koma 77,000 a 2025. Eh, dokar ba ta hau kan kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Amma wanda ya gama NYSC jiya, ka ce ya zo kullum a kan 40,000, ko ya karɓa idonsa yana kan ƙofa.

9/ Za ka ce: "In na rubuta kuɗin, ƙwararru ba za su nema ba." To da ma ba za su zauna ba ai. Gara ka sani tun yau da ka sani bayan wata 2 na koyarwa. Ka sa daga nawa zuwa nawa. Idan kuɗinka bai kai na cikakken lokaci ba, ka nemi na kwana 3 a mako, ka faɗa a fili.

10/ Idan akwai kamasho, faɗi kaso nawa. Idan alkawarin hannun jari ne, faɗi nawa, bayan shekara nawa, kuma a rubuce. "Mu nan 'yan'uwa ne, tare za mu girma" magana ce mai daɗi, amma mai gidan haya ba ya karɓarta.

11/ Sharuɗɗa kuma, ka raba farilla da nafila. A 2020 Sebastián Ramírez, wanda ya ƙirƙiri FastAPI, ya ba da labarin tallar da ta nemi gogewar shekara 4 a kanta, alhali shi kansa shekararsa ɗaya da rabi da ƙirƙirarta. Abin dariya, amma haka yawancin tallarmu take. Farilla kada ta wuce 3 ko 4. Sauran ka ce "in akwai, madalla."

12/ Sai iyakar shekaru. "Kada ya wuce 25, da gogewar shekara 3." A ina? Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, ga shekarar bautar ƙasa. Digiri ma ka tambayi kanka ko aikin yana buƙatarsa. Yaron da ya yi shekara 4 yana sayar da waya a Farm Centre ya fi mai takarda da yawa sanin yadda ake lallashin kwastoma.

13/ Faɗi wahalar ma. Ana zuwa Asabar? Ƙarfe nawa ake tashi? Mata da yawa a kan wannan layin suke yanke shawarar nema ko bari. In daga gida ne, wa zai sayi data, wa zai ji da wuta? Watannin gwaji nawa ne, kuma nawa ake biya a cikinsu? Ramin ƙarya ƙurarre ne, satin farko zai tona komai.

14/ Hanyar nema ta zama gajeriya. CV da tambaya ɗaya, kamar "kwastoma ya kira yana faɗa kayansa ba su iso ba, me za ka ce masa?" Amsar layi 5 ta fi min CV mai shafi 3. Kada ka nemi BVN ko NIN a wannan matakin, akwai dokar kare bayanai tun 2023. In gwajin zai cinye yini, ka biya.

15/ Sa ranar rufewa, da ranar da za ka ba da amsa, ka kuma cika. Wanda ba a ɗauka ba ma ya cancanci saƙo na layi biyu. Garin nan ƙarami ne, gobe shi ne kwastomanka, ko yayan wanda kake nema.

16/ Kafin ka saka, miƙa wa ƙanwarka ko wani da bai san kamfanin ba ya karanta, ka tambaye shi abu 3: mene ne aikin, nawa ne kuɗin, ta yaya ake nema? In ya tsaya yana "to ai..." koma ka gyara. Masu neman aiki kuma, ku faɗa min tallar da ta fi ba ku haushi a ƙasa, masu kamfani suna karantawa.