Abin Da Na Ji A Bakin Babbar 'Yata



Wata ranar Alhamis da ba ma zuwa Islamiyya, ina madafa ina tuƙa tuwo, sai na jiyo babbar 'yata mai shekara 9 tana daka wa ƙaninta tsawa don ya zubar da kunu: "Kai ba abin da ka iya! Dubi ɗan maƙwabta, ya fi ka hankali." Na saki muciya na tsaya cak. Maganata ce, har yadda nake jan murya. Shekaranjiyar ranar ni na faɗa mata haka da ta fasa mini kofi.

Kunya ta rufe ni, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane tarbiyya. A kwalejin ilimi an karantar da mu gwajin da Albert Bandura ya yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1961. Yara suka kalli babban mutum yana dukan 'yar tsana, da aka bar su da ita, suka dake ta yadda suka gani. Na haddace don jarrabawa, amma sai ranar na gane shi.

A gidajenmu yaya ce ke goyon ƙani, ta yi masa wanka, ta riƙe hannunsa zuwa makaranta. Sau da yawa ya fi daɗewa tare da ita fiye da mu. Don haka abin da muka zuba wa babba, shi zai gangara kan ƙarami. A ajina ma ina gani: yaron da ake zagi a gida, shi ke fara zagin 'yan aji.

Na kuma lura ba abin da ke raba 'yan uwa kamar fifiko. A Suratu Yusuf, zaton da yayyensa suka yi cewa mahaifinsu ya fi son sa ne ya kai su ga jefa shi rijiya. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mahaifin Nu'uman bin Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai, Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Mu da ke zaune da abokan zama mu ji tsoron Allah, domin yawancin 'yan ubanci daga bakinmu yara ke ɗaukar sa.

A daren nan na kira ta, na ba ta haƙuri a gaban ƙaninta. Na daina gwada su da juna ko da 'ya'yan wasu. Na daina cewa "ke ce babba, ki haƙura" tun ban ji bakin kowa ba. Na ɗora mata yi masa bitar hadda bayan magariba, idan ya biya daidai in yabe su tare.

Ba su daina faɗa ba, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Amma kwanan baya ya sake zubar da kunu, na ji ta ce: "Ba komai, ɗauko tsumma mu goge."

'Yar uwa, ki saurari yadda babbanki ke yi wa ƙannensa magana, za ki ji muryarki. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya haɗa kawunansu. Amin.