Zango Ya Zama Gida

In ka sauka a Ankara, babban birnin ƙasar Gana, wanda mutanen ƙasar suke kira Accra, ka nemi hanyar Nima ko Sabon Zango. Tun ba ka kai ba ƙanshin ƙosai da tsire zai tarye ka. Za ka ji mata suna tallar koko, yara suna wasa da Hausa, ga tela yana ɗinkin babbar riga a bakin hanya. Sai ka ce Fagge ka shiga. Amma da yawa cikin yaran nan ba su taɓa ganin Kano ba. A nan aka haife su, a nan aka binne kakanninsu.

Goro ne ya fara kawo Hausawa wannan ƙasa. A zamanin dā fatake sukan tashi daga Kano da Katsina da jakuna, madugu yana gaba. Sukan haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yi watanni a hanya kafin su kai Salaga ta ƙasar Gwanja. Su sayar da kanwa da fatu da turkuɗi, su sayi goron da ake kawowa daga kurmin Ashanti. A kasuwar nan har bayi aka sayar, abin baƙin ciki. Wurin da ayari yake kwana shi ne zango. Mai zango ba ya gina soro, gama gobe zai tashi.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Ashanti da yaƙi, cinikin Salaga ya fara raguwa. A 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa garin. Fatake suka bazu zuwa Kete Krachi, da Kintampo, da Kumashi, da Ankara. A cikinsu akwai babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Krachi har ya rasu a 1934. A Ankara kuwa, wajen 1912, Malam Baƙo ya roƙi fili a wurin sarakunan kabilar Ga, ya kafa Sabon Zango, ya yanka wa mutanensa filaye. Ranar da baƙo ya sami ƙasar da zai kafa tubali, ranar ce zango ya fara zama gida.

Ba Hausawa kaɗai suke zaune a zango ba. Akwai Zabarmawa, da Mosawa, da Fulani, da Yarabawa, da mutanen arewacin Gana, Musulmi da Kirista. Hausa ce take haɗa su a kasuwa. Suka yi auratayya da masu gari, 'ya'yansu suka tashi da harshe biyu ko uku. Abincinsu ma ya shiga tukunyar ƙasar. Shinkafa da wake ita ce Ganawa suke kira waakye, tuwon zafi kuma ya riƙe sunansa.

Duk da haka, wanda ya daɗe a gari ba lalle ne a lasafta shi ɗan gari ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da doka, duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban mutane suka sayar da kayansu da araha, suka hau manyan motoci. Waɗansunsu a Gana aka haife su, ba su san kowa ba a inda aka ce shi ne garinsu. A Janairu na 1983 Nijeriya ta yi irin wannan a zamanin Shugaba Shehu Shagari, Ganawa wajen miliyan ɗaya suka koma gida da kayansu a ka. Kowace ƙasa ta ɗanɗana zama mai kora da zama korarre.

Zango bai mutu ba. A 2017 gwamnatin Gana ta kafa asusu domin gyaran unguwannin zango, gama sun daɗe suna fama da cunkoso da rashin magudanan ruwa. A 2019 kuma Babban Limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana gab da cika shekara 100, ya tafi majami'ar Katolika ta Christ the King a Ankara ranar Ista, ya zauna tare da masu sujada. Labarin ya zaga duniya.

'Yan'uwa, kusan kowane garinmu yana da nasa zangon, ko ana ce da shi Sabon Gari ko Tudun Wada. A Littafin Firistoci sura 19, Ubangiji ya umarci Isra'ilawa su ƙaunaci baƙon da yake zaune a cikinsu kamar kansu, ya tuna musu su ma sun yi baƙunci a Masar. Rut baƙuwa ce daga Mowab, Bo'aza ya bar ta ta yi kala a gonarsa, daga zuriyarta kuwa aka haifi Dawuda, da Almasihu kansa. Takarda tana ba mutum izinin zama, amma maƙwabci ne yake mai da shi ɗan gari. Wane ne baƙo a layinku? Ka san sunansa? Yaranka suna cin abinci da nasa?