Hunturun Da Wuta Ta Ci Layin Turare

A ƙasarmu ta arewacin Kano babu daji. Duk wanda ya tashi tsakanin Dambatta da Makoda ya san gona ce ke bin gona, sai gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya tsaitsaye a tsakiyar gonaki, kowace bishiya da mai ita. Abin da muke kira dawa muna yara shi ne layukan itacen turare da darbejiya da gwamnati ta dasa bayan farin 1973, irin waɗanda ke Yambawa, domin su karya ƙarfin iska su hana rairayi binne shuka. Da farin 1984 ya sake kwantar da mutane, sai aka ƙara ƙaimi wajen dashen, har aka kawo wani sabon layi bayan garinmu, kowane ɗan tsiro an kewaye shi da ƙaya.

Manoma ba su so abin ba. An yanki gonakinsu, an kuma ce ko busasshen reshe ba a yarda a ɗauka ba. Ga saiwar turare tana ratsawa ta ƙarƙashin ƙasa tana shanye lemar kunyoyin da ke kusa, geron wurin ya fito a tsumbure. Babanmu yakan ce turaren nan ya fi akuya ɓarna, don ita akuya ana iya ɗaure ta. Mu kuwa yara murna muke, saboda zomo da kurege da fakara sun sami mafaka, mu ma mun sami wurin farauta.

Da zarar an gama kaka, an zuba hatsi a rumbu, iskar arewa maso gabas ta taso da hazo, to lokacinmu ya zo. Da safe a kewaye wutar kara ana jin ɗumi, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Da dare a yi langa a dandali, ranar kasuwa a tafi kallon dambe da kokawa. Amma farauta ce uwa uba. Manya sukan fita da gangi da karnuka da gora da adaka, mu kuma mu bi ramukan gafiya. A toshe duk ƙofofin ramin a bar biyu, a cusa busasshiyar ciyawa a ɗaya a kunna, a yi ta fifita hayaƙi da faifai, wani na tsugune a ɗaya bakin da sanda a ɗage.

Irin wannan wutar ce ta kufce wa wasu samari a wani hunturu na ƙarshen shekarun 1980. Ina kan hanyar kai wa yayana fura a lambu na hango hayaƙi ya turnuƙe ta gabas. Kafin in isa, iska ta ɗauki tartsatsi ta jefa kan tarin karan dawa, daga nan ya haye wani gawo da aka jibge harawar wake a rassansa. Na ga harawar nan tana zubowa da wuta a jikinta, tana kama ciyawar da ba a taɓa yanka ba a cikin layin gwamnati. Ganyen turare mai ne da shi, sai ƙara kake ji fat-fat. Maza suka fito da ɗanyun rassan darbejiya suna bugu, mata da yara muna kwasar ƙasa a ƙwarya da tasa muna watsawa. Wani yaro da bai wuce sa'ata ba ya koma ɗauko karensa, wandonsa ya kama. Wani dattijo ne ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe shi ya birgima da shi a ƙasa. Ya rayu, amma da tabon ya girma. Zuwa la'asar sabon dashen ya zama toka, abincin dabbobin gida uku ya tafi, alhali damina na da sauran watanni.

Washegari aka taru a ƙofar gidan dagaci. Malamin daji ya zo a kan babur, ransa a ɓace, ya ce sai an miƙa masa samarin ya kai su gaban alƙali. Aka yi tsit. Can sai sarkin baka, tsoho mai ƙarancin magana, ya gyara zama ya ce wa dagaci: "Ranka ya daɗe, yaran nan sun yi laifi, kuma a hukunta su. Amma a tambayi Malam, wa ya hana mu yanke ciyawar da ta ci wutar? Itacen da aka ce ba namu ba ne, wa zai tashi tsakar dare ya tsare shi?"

Malamin daji ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Baba, gaskiyarka. To, me kuke so a yi?"

A zaman nan aka yanke abin da ya zama dokar garinmu. Kafin sanyi ya shigo, kowace unguwa za ta yi gayya ta share fili mai faɗi a gefen layin don wuta ta rasa abin kamawa, ciyawar kuma ta masu aikin ce. Busassun rassa mata su ɗiba, ɗanye kuwa ba a sara. Manomin da ke maƙwabtaka da turare ya haƙa rami a tsawon iyakarsa ya datse saiwoyin. Ba za a ƙara shiga farauta da ashana ba. Ranar fita, sarkin baka ne ke tsara sahu, masu adaka a gefe guda, yara a baya, kuma ba a harbi cikin hazo sai an ga abin da ake harbi da ido. Samarin da suka tada wutar aka ɗora musu ban ruwan sabon dashe da jarka har saukar damina, iyayensu suka biya harawa. Aka kawo tsirrai daga gandun reno aka raba gida-gida. Darbejiyar da ke ƙofar gidanmu yau daga wannan rabon take.

Na ga amfanin ramin datse saiwoyin nan da idona: geron gefen layi ya dawo yana kai na tsakiyar gona. Na kuma ga mutanen da a da suke fatan turaren ya mutu sun koma suna korar masu gatari da kansu.

Ba wuta kaɗai ke ɗaukar rai a wannan lokaci ba. Mukan je dam ɗin Tomas kallon masunta, kuma ba na tuna ganin rigar ruwa a jikin kowa. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari, ɗauke da mutane daga Badau zuwa Bagwai, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa rai aƙalla 29. Allah Ya jiƙansu. Da na ji labarin, zaman ƙofar gidan dagaci na tuna, domin lodin da ya wuce kima abu ne da mutanen bakin ruwa ke gani kullum, kuma su ne za su iya hana shi tun jirgi bai tashi ba.

Yanzu ga shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015, Kano na cikin jihohi 11 da ya shafa. Ga kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya. A Maraɗi, manoma da kansu suka dawo da miliyoyin itatuwa ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona, saboda sun tabbata itacen nasu ne. Roƙona ga masu waɗannan shirye-shirye shi ne, kafin motar tsirrai ta iso gari, a fara zama da dagaci da sarkin baka da matan da ke neman itacen girki, a faɗa musu rabonsu a fili. Su ne ke wurin ranar da iska ta tashi, kuma su za su fito da rassa a hannu.