Gidan cikin salula

Wani manomi ne ɗan Adar, a wani ƙauye kusa da Barmu, arewa da Tawa. Shina da gonar gado, da awaki kaɗan, da raguna biyu a turke. Da ƙuruciya ya yi cin rani kamar sauran Adarawa. Ya ga Abijan, ya ga Legas. Da girma ya zo, sai ya zauna gida, ya shiga ajin karatun manya. Ya iya rubuta sunanshi. Ya iya haɗa baƙaƙe sannu sannu har kalma ta fito.

Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa. A faɗin Nijar ambaliya ta taɓa mutum fiye da miliyan ɗaya, gidajen laka da yawa sunka faɗi. Wani dare cikin watan Agusta ɗakunanshi biyu sunka zube. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Shi da uwargida da ɗiya biyar sunka koma bukkar zana.

Bayan an kai hatsi rumbu, ya sauka Tawa wurin ƙanenshi. Ya samu aikin kwaɓa siminti wurin magina. Kullum da marece shi kan bi ta gaban gidajen da anka jera a layi, masu ƙofar ƙarfe da fitilar lantarki. Tun bikin Tawa Sakola na 18 ga Disamba 2017 garin ya sake kama, ga kwalta, ga sababbin gine-gine. Shi kan tsaya ya duba, ya tuna bukkar zana, ya wuce.

Ran wata Lahadi, ranar kasuwar Tawa, ya sa an kawo mishi rago guda don ya ji tayi. Niyyarshi ya sai azara da ƙyaure. Shina tsaye wurin dabbobi, sai ga wani saurayi tsaf-tsaf, da babbar salula a hannu. Ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi garinsu, ya yi mishi jajen ruwa. Sannan ya ce:

"Baba, ba ka ji ba? Gwamnati na rabon gidaje ga waɗanda ruwa ya yi ma ɓarna. Yanzu ba a zuwa ma'aikata, ta intanet ake rubuta suna. Kawo katin ɗan ƙasa da jika 60 in sa ka layi. Gobe ake rufewa."

Ya nuna mishi hotuna. Ga gidaje sababbi, ga tagogi na gilashi, ga hanya shimfiɗe a tsakani. Zuciyar manomi ta buga. Dillali kuwa ya riga ya kawo mai saye, igiyar rago tana hannunshi. Saura a ce albarka ko a ce sallama.

Sai manomi ya ce: "Ɗana, ba ni wayar in gani da idona."

Rubutun ba Hausa ba ne, ba Faransanci ba ne. Amma baƙaƙen su ne dai waɗanda ya koya a aji. Ƙarƙashin hoton akwai kalma guda da manyan baƙaƙe. Ya aza yatsa, ya bi su ɗaya ɗaya: S, O, K, O, T, O. Ya sake bi. Gaban lambobin kuɗi kuma ya ga harafin N da zane biyu a tsakiya. Wagga alama ya san ta tun zamanin Legas.

Ya ce: "Ɗana, wanga gida a Tawa shi ke, ko a Sakkwato?"

Saurayi ya ce: "Duk ɗaya ne, Baba."

Ya ce: "To, mi ya sa kuɗin naira ne, ba sefa ba?"

Saurayi ya karɓe wayar. Ya ce caji ya ƙare, bari ya je ya dawo. Har aka watse kasuwa ba a sake ganin ƙeyarshi ba. Manomi ya ba dillali haƙuri, ya ja ragonshi.

Daren nan bai yi barci ba. Wata zuciya ta ce ya tsira. Wata ta ce ƙila ya yi ma kanshi buƙulu. Da gari ya waye, ƙanenshi ya kai shi wurin wani maƙwabci, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya sa jikanshi ya buɗe waya, sunka duba tare. Ga abin da manomi ya ji.

Gidajen da ya gani gaskiya ne, amma na Najeriya ne. A watan Nuwamba 2021 ministan ayyuka da gidaje na lokacin, Babatunde Fashola, ya buɗe shafin intanet na saida gidajen da gwamnatin tarayya ta gina a jihohi. Mafi araha cikinsu ya haura naira miliyan 7. A 2024 Ahmed Musa Dangiwa, ɗan jihar Katsina, wanda ya riƙe ma'aikatar gidaje bayanshi, ya buɗe wani sabon shafi. A shekarar ne anka aza harsashin gidaje 250 a Sakkwato, da wasu 250 a Katsina. Mai so shi rubuta sunanshi a shafin, shi zaɓi gida, shi faɗi yadda za shi biya: ko lakadan, ko kaɗan kaɗan, ko da bashin banki, ko haya har gidan ya zama nashi. Ma'aikatan can ma tun 1992 akwai asusun gidaje da ake zuba naira biyu da rabi cikin kowace ɗari ta albashi, don a samu bashi daga baya. Ke nan saye ne, ba rabo ba. Kuma don ƴan Najeriya anka gina su.

Dattijon ya ƙara mishi da labarin Ingila, inda neman gida ta intanet ya daɗe. Can ƙananan hukumomi suna da gidajen haya masu rahusa don marasa ƙarfi. Mai nema shi rubuta suna, ba a biyan ko dala. Sai a duba halinshi a sa shi a aji. Wanda ba shi da wurin kwana, ko mai ciwo, ko wanda iyali sunka yi ma ɗaki yawa, su ke gaba. Gidan da ya zama wofi a kan sa hotonshi a shafi. Wanda ke so shi taɓa, shi nuna shina so. Su kan ce ya yi tayi, amma tayi ne da ba kuɗi cikinshi. Ba wanda ya fi aljihu ke samu ba. Wanda ya fi buƙata, ya kuma fi daɗewa a layi, shi ake kira ya duba gidan. Duk da haka, a 2024 iyalai fiye da miliyan 1 da dubu 300 ke jira a Ingila. Wasu su kan yi shekaru suna tayi ba su samu ba.

Manomi ya riƙe baki. Ya ce: "Baba, ashe har ƙasar Turawa masu nema sun fi gidajen yawa?"

Dattijo ya ce: "Ko'ina haka ne. Waya ƙofa ce ta shiga layi. Ba ta yin tubali."

A nan Nijar fa? Akwai kamfanin gwamnati mai suna SONUCI, wanda aikinshi gina gidaje da yanka filaye a saida. A ƙarshen 2018 an buɗe Bankin Gidaje na Nijar a Yamai don ba da bashin gini da na sayen gida. Amma banki kafin shi ba da bashi sai ya ga ta inda kuɗi ke shigo ma mutum wata bayan wata. Mai albashi ya nuna takardar albashi. Manomi kuwa kuɗinshi sau ɗaya ke zuwa, da kaka, in damina ta yi kyau. Makiyayi dukiyarshi na tafiya da ƙafa huɗu. Shi ya sa irin waɗanga gidaje sunka fi kusa da ma'aikaci da ɗan kasuwa bisa ga mai hauya. Faɗar haka ba daɗi, amma gara a sani tun rago na turke.

Da ya koma ƙauye ya ba uwargida labari. Ba ta yi murna ba. Ta ce: "Malam, ɗiyan nan sun sha sanyin bana a zana. Da ka biya, wa ya sani?"

Ya yi shiru. Can ya ce: "Na ga sunan garin da idona. Ba namu ba ne."

Ta kau da kai. Kwana biyu tana kawo tuwo ba ta cewa komi.

Bai zauna ba. Ya tafi wurin kawunshi ya roƙi gefen gonarshi da ke kan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya. Kawu ya ba shi. Dā da baki za a gama, a shafa fatiha. Wanga karo ya ce a rubuta. Dokar karkara ta kafa hukumomin filaye, tun daga gunduma har ƙauye, kuma a ƙauye maigari ke shugabanta. Su ke ba da takardar kyauta, da ta saye, da ta aro, da ta jingina. Maigari ya tara shaidu, anka taka iyaka, anka rubuta takardar kyauta. Kawu ya dangwala yatsa. Manomi ya ɗauki alƙalami ya sa hannu da kanshi.

Da Layya ta matso ya saida ragunan biyu. Ya sayi azara da ƙyaure da buhun siminti kaɗan. Dutse kuwa ba a sayenshi a Adar. Shi da ɗiyanshi sunka kwaso da jaki, ya ɗaga harsashi har gwiwa kamar yadda ya ga magina na yi a Tawa, sannan ya ɗora tubalin laka. Ƴan uwa sunka yi mishi gayyar yaɓe. Kafin ruwan farko ɗaki guda ya samu rufi. Uwargida da ƙanana sunka shiga. Shi da manyan yara sunka ci gaba da bukka, don ɗaki na biyu bai wuce harsashi ba.

Har yau in ya je kasuwar Tawa shi kan tsaya gaban gidajen nan masu ƙofar ƙarfe. Sha'awarsu ba ta fita ranshi ba. Amma katinshi na ɗan ƙasa, da takardun haihuwar ɗiya, da takardar fili, suna cikin wani gwangwani a rataye. Ya ce ran da hukuma ta buɗe layi na gaskiya ga irinsu, da ƙafarshi za shi je ma'aikatar magajin gari ya tambaya.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, masu irin wagga waya suna nan a kasuwanni da tashoshi. In an nuna muku gida a salula, ku yi tambaya uku. Wane gari gidan shi ke? Wace ma'aikata ke ba da shi? Wa ke karɓar kuɗin, kuma ina takardar shaidar biya mai hatimi? Kada ku ba baƙo katin ɗan ƙasa. Wanda ya ce muku gobe ake rufewa, ku ce mishi sai jibi. Wanda bai shiga ajin karatu ba shi shiga da ranin bana. Baƙaƙe shida ne sunka tsare ma mutumin Barmu ragonshi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu.