Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Ɗana, labari ya iske ni cewa ka kammala. An ba ka lasisi, ka gama karatun irin jirgin da za ka riƙa tuƙawa, kamfani ya ɗauke ka, an ɗaura maka igiya a kafaɗa. Alhamdu lillahi. Na san abin da aka sha kafin a kai ga wannan rana, na san gonar da mahaifinka ya rabu da ita da dararen da mahaifiyarka ta raya tana roƙa maka. Ni ma ta Zariya na bi, a kwalejin nan ta koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, kuma shekaru sun sauke ni daga kujera, don doka ba ta barin wanda ya cika 65 ya ci gaba da ɗaukar fasinjoji zuwa ƙasashen duniya. Abin da ya rage mini in ba ka sai magana. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A littafin awoyinka yanzu akwai awa ɗari biyu da 'yan kai. Babban lasisin da ke kai mutum kujerar kyaftin yana neman awa 1,500, kuma ko ka cika su sai kamfani ya gamsu da halinka kafin ya ba ka igiya ta huɗu. Tsakanin nan da can zaman kujerar dama ne, zaman koyo da yi wa babba biyayya. Akwai wani abokin karatunmu da babu wanda ya kai shi hannu a cikinmu. Idan ya sauke jirgi sai ka rantse ba a taɓa ƙasa ba. Amma ya raina jerin abubuwan dubawa da ake karantawa kafin tashi da sauka, yana cewa ya haddace, sai ya riƙa zubo su da ka ba tare da ya kalli maɓallin da yake ambata ba. Malamai suka ja masa kunne, kyaftin-kyaftin suka rubuta a kansa. Waɗanda ba su kai rabinsa gwaninta ba suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har ya bar aikin yana kan kujerar dama.

Saboda haka kada ka ƙosa. Jerin nan da za ka karanta sau dubbai har ka ji ya gundure ka, kusan kowane layi a cikinsa akwai jirgin da ya faɗi kafin a rubuta shi. Ka karanta shi da baki, ka duba da ido, ka taɓa da hannu, a rana ta dubu kamar yadda ka yi a ranar farko. Duk wata shida za a mayar da kai cikin na'urar kwaikwayon tuƙi a kashe maka injin ana cikin tashi, a kunna maka ƙararrawar gobara, a ga yadda za ka yi. Kada ka ɗauke shi wulaƙanci. Kyaftin mai furfura ma haka ake yi masa har ranar da zai ajiye aiki.

Ina ƙaramin mataimaki, wata safiya ta hunturu a Kano, hazo ya rufe garin da za mu je. Rahoton yanayi ya nuna nisan da ido ke iya gani a can bai kai abin da ƙa'ida ta yarda a sauka da shi ba. Fasinjoji sun cika ɗakin jira, a cikinsu har da wani babban mutum da ke da taro da azahar. Jami'in kamfani ya zo ya koma, ya sake dawowa yana share gumi a cikin wannan sanyi. Kyaftin ɗina, dattijo mai ƙarancin magana, ya karanta takardar yanayin sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya ci gaba da shan shayinsa. Can sai ga babban mutumin da kansa, yaransa na biye. Kyaftin ya miƙe, ya cire hula, ya gaishe shi da ladabi, ya saurari faɗan har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma a cikin jirgin nan zan zauna, kuma ni ne a gaba. Idan hazo ya ɗaga zan kai ka." Ba mu tashi ba sai bayan la'asar.

Irin wannan rana za ta zo maka, ɗana, kuma ba sau ɗaya ba. Matsin zai zo daga kamfani mai lissafin asara, zai zo daga fasinja mai ji da kansa, wani lokaci kuma daga zuciyarka, don kana son ka kwana a gida. Babu wanda zai tafa maka ranar da ka ƙi tashi, zagi ma za ka sha. Ka shanye. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ke ganin jinkirin awa ɗaya babban abu ne, ya tuna Jidda. Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda aka yi hayarsa don jigilar alhazan Najeriya, ya ɗebo mutanenmu zai kawo su Sakkwato. Biyu daga tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. An nemi a ƙara, ba a samu abin ƙarawar nan take ba, kuma ba a so jirgi ya makara, sai aka ce a tafi haka nan. Tayoyi biyu suka fashe ana cikin gudu a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun jirgin da wutar a cikinsa. Kafin su juyo su kai ga titin sauka wuta ta cinye shi. Mutum 261, babu wanda ya fita. Na yi aikin jigilar alhazai shekaru da dama bayan haka, kuma ban taɓa zagaya jirgi na tsaya a gaban taya ba tare da wannan rana ta faɗo mini a rai ba.

To, idan aka ce kai ne za ka sauka ka zagaya jirgi kafin tashi, kada ka yi zagayen cika umarni. Ka sunkuya ka dubi taya, ka haska fitila cikin injin, ka duba ko mai na ɗiga. Injiniyan da ka tarar a ƙasa da baƙin mai a hannu, ka gaishe shi tun kafin ya gaishe ka, ka saurare shi idan ya ce wani abu bai kwanta masa ba. Sau da yawa ya fi ka sanin wannan jirgin. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, don ta shafi tarbiyyar da muka ba ka da hannunmu. Mun koya maka kada ka katse babba, kada ka ɗaga masa murya, ka sunkuyar da kai idan yana magana. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ina alfahari da kai a kanta. Amma a ɗakin tuƙi kunya tana kisa. A 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin jirgin KLM babban malami ne a kamfaninsa, mai horar da wasu matuƙa. Ya fara gudun tashi ba tare da hasumiya ta ba shi izini ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi shakka, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, kyaftin ya amsa da tabbaci cewa ya bari, sai maganar ta mutu a nan. Irin wannan ne ya sa kamfanonin jirage suka shiga koya wa ma'aikata yadda ƙarami zai tsayar da babba. Idan Turawan da ke kiran manyansu da suna sun faɗa wannan rami, ina ga mu da aka raina da durƙuso?

Dattijon nan da na ba ka labarinsa, kafin a tayar da injin yakan juyo ya dube ni ya ce, "Yaro, idanuna biyu ne kawai. In ka ga abu ka yi shiru, ka ci amanata." Da na zama kyaftin na riƙe wannan al'ada. Ba kowane kyaftin ne zai buɗe maka ƙofa haka ba, za ka haɗu da mai zafin rai da mai ganin kai ba kowa ba ne. Duk da haka ka faɗa. Ka fara da ladabi, in ba a ji ba ka faɗa a fili, in har yanzu ba a ji ba ka ɗaga murya. Idan kuna gangarowa kuka kai ƙafa 1,000 a cikin gajimare, ko ƙafa 500 a sarari, jirgi bai daidaita ba, gudu ya yi yawa ko kun yi sama da yawa, ka ce a fasa saukar a sake zagayowa. In kai ke tuƙi aka ce maka haka, ka tura injin ka hau, ku yi muhawarar a ƙasa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Jiragenku na yanzu sun fi namu wayo nesa ba kusa ba, kwamfuta ke riƙe da su mafi yawan tafiya. Kada hannunka ya mutu. A 2009 jirgin Air France da ya taso daga Brazil zuwa Faransa ya faɗa teku da mutum 228, bayan ƙanƙara ta toshe bututun da ke auna gudu, na'urar tuƙi ta saki, matuƙan suka kasa gane abin da jirgin ke ciki. Inda ƙa'idar kamfani ta ba ka dama kuma sama na da kyau, ka riƙa tuƙi da hannu. Ƙasa da ƙafa 10,000 kuwa, ban da hira, sai maganar aiki.

Jikinka ma kayan aiki ne. Na ga matuƙan da suka ɓoye wa likita hawan jini don tsoron rasa lasisi, ƙarshe suka rasa lasisin da lafiyar gaba ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ba ka samu barci ba, ka ce ba ka samu ba. Idan azumi ya zo kuma ka ji tafiya ta fi ƙarfinka, ka je wurin malamai su yi maka bayanin rangwamen da aka yi wa matafiyi, kada ka ɗauki rayukan mutane kana ganin jiri.

Wata shekara a lokacin jigila, wata tsohuwa da ba ta taɓa shiga jirgi ba ta tsaya a ƙofa, ta riƙe jakarta a ƙirji, ta tambayi ma'aikaciya wane ne direba. Aka nuna mata ni. Ta dube ni da kyau, ta ce shekara da shekaru tana tara kuɗin ƙuli-ƙuli don wannan tafiya, ta yi mini addu'a mai tsawo har layi ya tsaya, sannan ta wuce. Irinta ne ke bayanka kullum, ba su san sunanka ba, ba su san komai a kan hazo ko iskar taya ba, sun miƙa wuya ga Allah sannan sun yarda da kai. Mutanenmu masu saurin cewa ƙaddara ce idan abu ya faru, kuma gaskiya ne babu mai wuce ajalinsa. Amma wannan magana ta masu haƙuri da rashi ce. Wanda aka ba amana ya yi sakaci ba shi da mafaka a cikinta.

Albashi zai fara shigowa, 'yan uwa da abokai za su ƙaru. Na ga kamfanonin jirage sun bunƙasa sun rushe a ƙasar nan, matuƙa na zaune a gida watanni ba aiki, don haka ka riƙa ajiye wani abu, kuma ka fara da mayar wa mahaifinka gonarsa. Kafin tashinka na farko da fasinjoji ka je gida ka durƙusa gaban mahaifiyarka ta sa maka albarka. Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka lafiya, kai da duk wanda ka ɗauka.