Rabon Kunne a Sauyin Harshe

A tashar mota a Gusau na ji wata dattijuwa 'yar Bunguɗu ta ce wa jikokinta biyu, "Ku zamna nan." Babban ya maimaita "zamna" yadda ta faɗa, ƙaramar kuwa ta ce "zauna", kuma a ganinta abin da kakarta ta faɗa ke nan. Abin ya tsaya mini a rai. Wani kunnen yakan kama kowane ɗan sauti, wani kuma ma'ana kawai yake tsinta, sai ya cike sauran da abin da ya saba ji a makaranta da rediyo. Wataƙila ta haka "amre" ya zama "aure" a bakin Kanawa, "sabka" ta koma "sauka", tun zamanin kakanni, ba tare da an yi shawara ba. Tun da layin dogo ya haɗa Zariya da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, Zamfarci yake ƙara cuɗanya da Hausar gabas, Tsafe kuma ga ta a bakin iyakar Katsina tana jin kowane ɓangare. Kowane yaro da irin kunnensa, kuma abin da ya ji shi zai koya wa 'ya'yansa.