Mussata da ke jan gindi ga ƙasa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ina da wata baƙar mussa. Ita ce mai gadin rumbuna. Tun da ta zo gidanmu, kusu bai ƙara yi mini ɓarnar hatsi ba.

Bayan girbin bara sai ta ɗauko wani hali. Kullum in ta yi kashi cikin rairai, bayan zaure, ta rufe, sai ta zauna ta riƙa jan gindinta ga ƙasa. Yara suna ta dariya. Uwargida ta ce wannan ba alheri ba ne. Maƙwabcina ya ce in sa ta cikin buhu in kai ta daji. Gaskiya har na nemo buhun. Amma da na dubi rumbu, sai jikina ya yi sanyi.

Ranar da anka zo allurar shanu garinmu, na tambayi malamin dabbobi. Na ji kunya, don mutane sun kawo shanu, ni ko na kawo zancen mussa. Bai yi mini dariya ba. Ya ce in tafi in ɗaga wutsiyarta in duba.

Na duba. Sai ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa, manne ga gashi. Ɗaya ma tana motsi. Inda take kwana kuma na tarar da busassu, kamar riɗi.

Malamin ya ce tsila ce. Tana zaune cikin hanji, guntayenta ne ke fita, suna sa ƙaiƙayi. Hanya biyu take shiga. Ta farko ƙuma: in mussa tana lasar jikinta ta haɗiye ƙuma mai ɗauke da cutar. Ta biyu cin kusu. Ashe aikin da take yi mini yana iya jawo mata ciwo.

Abin da ya tada mini hankali shi ne ƙaramin ɗana mai rarrafe. Tabarma guda suke kwana da ita. Yaro in ya haɗiye irin wannan ƙuma, shi ma yana iya kamuwa. Ba kasafai ba ne, amma yakan faru.

Ya ce ba kullum tsila ke sa jan gindi ba. Wani lokaci zawo ne ya manne ga gashi. Akwai kuma ƴan jakunkuna 2 gefen dubura, masu ruwa mai wari. In sun toshe sai su kumbura. Wannan aikin likita ne, kar a matsa da hannu.

Ya ba ni ƙwayar magani mai suna farazikantel, daidai nauyinta. Ya ja mini kunne ƙwarai: kar a ba mussa farasitamol, kashe ta yake yi. Kar kuma a zuba mata maganin feshin wake don kashe ƙuma. Ni ko da ma shi na yi niyyar sa mata.

Na tura ƙwayar cikin ɗan kifi, ta haɗiye. Munka share ɗaki sarai, munka ƙone tsummokaran da take kwana a kai, munka shanya tabarmi ga rana. Kashinta kuma yanzu muna binne shi nesa da wurin wasan yara. Bayan ƴan kwanaki ta bar jan gindin.

Tun da ba ta bar cin kusu ba, malamin ya ce tsilar tana iya komowa. Shi ya sa kowace Juma'a nake ɗaga wutsiyarta in duba. Maƙwabcin nan nawa, da ya ce in yar da ita, shekaranjiya ya aiko ɗansa: wai in ta haihu in ajiye masa ɗaya.